Yadda Neta Warkentin Ta Haye Kogin Amur

Aganeta ne cikakken sunanta, amma ma'aikatan gwamnati kaɗai ke kiranta haka. A wurin kowa Neta ce. An haife ta a wani ƙauyen mutanenmu Mennonit a kudancin Yukren, lokacin tana ƙarƙashin Rasha, inda alkama ke kai wa mutum ƙirji. Kakannin kakanninta daga Holan suka taso, suka zauna ƙasar Jamus, daga can suka gangaro Rasha, kuma kowane tashi dalilinsa guda ne: wani sarki ya ce 'ya'yansu maza su ɗauki bindiga, su kuwa suka ce Almasihu ya hana. Ba sa rantsuwa ko a gaban alƙali, i ɗinsu i ce, a'a kuma a'a. Ba sa yi wa jariri baftisma sai mutum ya girma ya nema da bakinsa. A cikin wannan Neta ta tashi, ita da ƙanwarta Lisa, a gidan ubansu Yakob mai gyaran garma.

Tana budurwa 'yar shekara goma sha biyar ƙasar ta rikice bayan faɗuwar sarkin Rasha. Mahaya dawaki suka riƙa faɗo wa ƙauyuka, su kwashe hatsi, su ci mutuncin mata. Da abin ya kai maƙura, samarin ƙauyen suka ce ba za su ƙara zura ido ba. Dattawa suka yi ta magiya, samari suka toshe kunne, suka nemo bindigogi, suka kashe mutum biyu cikin maharan. Mako bai zagayo ba maharan suka dawo da rana tsaka, da yawan da ba a taɓa gani ba. Neta ta ja Lisa suka faɗa gonar masara a bayan gida, ta danne ta a ƙasa, ta toshe mata baki da tafin hannu. Daga nan suna jin kofatan dawaki, suna jin muryar ubansu yana cewa shi bai taɓa riƙe bindiga ba. Gaskiya ya faɗa, amma ba ta cece shi ba. Tun daga ranar, in Neta ta ji sukuwar doki sai ta zabura, ko da dokin maƙwabci ne zai je shan ruwa.

Yunwa ta biyo bayan yaƙi. Uwarsu ta kwashe su zuwa wurin dangi a Siberiya, can ta rasu. Neta ta karɓi baftisma, ta auri Aron Warkentin, mutum mai faɗin kafaɗa da ƙarancin magana, ɗan Baba Isbrand mai wa'azin jama'ar. Lisa kuwa ta tafi aikatau cikin gari, ta dawo da labarin da ya girgiza ƙauye: za ta auri Yefim, malamin gona na gwamnati, ɗan Rasha, wanda ba ya zuwa kowace majami'a. Baba Isbrand da kansa ya tsaya gaban jama'a ranar Lahadi ya sanar an fitar da ita daga cikinsu. Ana iya gaishe ta, ana iya taimaka mata in ta shiga wahala, amma ba a zama teburi ɗaya da ita a ci abinci. Neta ta yi kuka har idanunta suka kumbura, sannan ta bi doka, don ba ta san yadda ake ƙin bi ba.

Bayan 'yan shekaru aka ji cewa can gabas, a bakin kogin Amur, gwamnati na rabon ƙasa mai kyau, kuma idon hukuma bai kai can sosai ba. Gidaje da yawa suka ɗaura kaya, har da gidan su Neta. Suka kafa ƙauye suka sa masa suna Lichtau, suka gina gidajen ƙasa, suka shuka alkama da waken soya. Yefim ma aka turo shi yankin, ya zauna da Lisa da 'yarsu Olya a garin hukuma, tafiyar rabin safiya a kan doki. In sama ta washe, daga kan tudun bayan Lichtau ana hango duwatsun ƙasar Sin shuɗi-shuɗi a hayin kogi.

Daɗin bai daɗe ba. Aka ce kowa ya miƙa gonarsa da dabbobinsa ga gandun gwamnati. Aka rufe majami'a aka zuba hatsi a ciki. Aka zo aka tafi da masu wa'azi biyu na ƙauyukan kusa, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Baba Isbrand tsufa ne ya rage masa, amma kowa ya san layi zai zo kansa. A hunturun 1930 magidanta bakwai na Lichtau suka yi shawara a ɓoye cewa za su haye kogi in ƙanƙara ta yi kauri. Hukuma ta riga ta umarci ƙauyen ya tura maza da dawaki su sari katako a daji, hanyar dajin kuma ta gefen kogi ta bi. Za su fita da sunan aikin gwamnati, mata a ce masu dafa wa ma'aikata abinci ne, yara a ƙarƙashin harawa. Wani tsohon ɗan Sin mai fataucin zare da barasa ta ɓarauniyar hanya, ana ce masa Wen, ya yarda zai ja gaba. Sharaɗinsa ɗaya: sai ranar da iska ke kaɗa dusar ƙanƙara, lokacin da masu gadin iyaka ke lafewa a ɗakunansu, karnukansu kuma ba sa jin ƙanshi.

Aron ya gaya wa Neta a rumfar dawaki, ya ƙara da cewa, "Ko Lisa kada ta ji. Ita ce ma ta farko da ba za ta ji ba."

"Ƙanwata ce fa, Aron."

"Matar Yefim ce."

Aikin mata shi ne guzuri. Mutanenmu suna da ƙaramin burodi mai hawa biyu da ake ci ran Lahadi. In za a yi doguwar tafiya sai a raba shi biyu a mayar cikin tanda ya bushe ƙarau, ya yi wata da watanni bai lalace ba. Duk 'yar Mennonit ta san abin da buhun busasshen burodi ke nufi. Neta na tsakiyar wannan aiki wata ranar Talata, ƙofa a sakaye, yaranta biyu suna wasa a ƙarƙashin teburi, sai ta ji an tsayar da doki a waje. Farantin da ke hannunta ya suɓuce.

"Yaya Neta! Buɗe mana, sanyi zai kashe mu."

Ba halin ɓoye komai. Burodi a kan teburi, burodi a kan gado, buhu biyu cike a jingine da bango. Lisa ta shigo riƙe da hannun Olya, tana karkaɗe mayafi tana dariya, sai dariyar ta tsaya. Ta dubi gado, ta dubi buhunan, ta dubi yayarta.

"Kai, Yaya, biki za a yi ba a gayyace ni ba?"

"Na masu saran katako ne," in ji Neta. Rabin gaskiya ce.

"Masu saran katako. To, Allah ya ba su haƙoran ci." Lisa ta ɗauki guda ta ba Olya, ta zauna a ɗan bencin bakin ƙofa inda ta saba zama, nesa da teburi. Ta rame ƙwarai, kumatunta sun yi ja irin na mai zazzaɓi. Ta yi tari a cikin ƙyalle ta naɗe shi da sauri. Suka yi hirar kaji da tsadar kananzir, kowace na kallon wani wuri. Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Har yanzu kina ƙona gindin burodi. Inna ta yi ta faɗa miki ki rage wuta." Ta fita.

Neta ba ta gaya wa Aron ba a ranar. Ta kasa ci, ta kasa zama wuri ɗaya. Duk motsin da ta ji a hanya sai ta leƙa ta taga, tana jiran ta ga sojoji. Ta riƙa tuna yadda Lisa ke zama ita kaɗai a bencin nan shekara da shekaru ana miƙa mata kwano daga nesa. Wace ce za a yi wa haka ba ta riƙe a zuci ba? Ko ba ta yi niyya ba ma, kalma ɗaya ta suɓuce mata a gaban mijinta ta isa a kwashe gidaje bakwai zuwa arewa inda ba a dawowa.

Ran Juma'a da hantsi Lisa ta dawo, wannan karon ita kaɗai. Aron da Baba Isbrand na gida suna gyaran linzami. Ba ta zauna a benci ba, ta tsaya tsakiyar ɗaki.

"Ba sai kun ɓoye min ba," ta ce. "Ban gaya wa kowa ba. Abu ɗaya na zo roƙo. Ku tafi da Olya."

Aron ya ajiye linzamin a hankali, ya juya ya dubi matarsa. Neta ta sunkuyar da kai.

"Jini nake tofarwa tun kaka," in ji Lisa. "Ba zan ga girbi ba. In na mutu za su kai ta gidan renon gwamnati, ta tashi ba ta san ko addu'ar cin abinci ba. Ni na zaɓi hanyata, ita ba ta zaɓi komai ba."

"To ki zo mu tafi tare mana," in ji Neta.

"In na ɓace, Yefim za su harbe. Amma in yarinya ta zo wurin innarta, innar ta gudu da ita, laifin wa? Naki. Ke kuwa kina hayi."

"Ya sani?" Aron ya tambaya.

"Da ya sani da ba na tsaye a nan."

"To ba za a yi ba. Ɗiyar ma'aikacin gwamnati? Ki ce mu rataya wa dawakinmu ƙararrawa kawai. Rayukan gidaje bakwai ne a wuyanmu, Lisa."

Baba Isbrand ya daɗe yana shafa gemu bai dubi Lisa ba, don shekara huɗu ke nan bai dube ta ido cikin ido ba. Ya ce, "Yarinyar jininmu ce. Ranta ma a wuyanmu yake."

"Baba, satar 'yar mutum ce fa."

"Uwarta ce ta bayar."

Suka yi ta ja, uba da ɗa, murya ƙasa-ƙasa. Lisa ba ta kula su ba, yayarta kawai take kallo. Neta ta ji bakinta ya ce, "Kawo ta." Har ta tsufa ba ta iya rabe ko ƙauna ce ta sa ta faɗi haka ba, ko tsoron abin da Lisa za ta yi in an mayar da ita hannu wofi. Lisa ta ce Yefim zai tafi taron hukuma a birni mako mai zuwa, ita kuma za ta riƙa kawo Olya kowace safiya da sunan wasa da 'yan'uwanta, har ranar da iska za ta taso.

Iskar ta taso ran Laraba tun da safe. Lisa ta kawo yarinyar, ta ɗaure mata mayafi biyu, ta sumbaci goshinta, ta ce, "Ki ji maganar Inna Neta." Ta riƙe hannun yayarta ta matse, ta hau keken dokinta ba ta waiwayo ba. Kafin rana ta yi tsaka amalanken da dawaki ke ja a kan ƙanƙara sun jeru a titin ƙauye, gatura da zartuna a sama inda kowa zai gani, yara a kwance ƙarƙashin harawa da bargunan fata. Neta ta bar wuta a murhu don hayaƙi ya ci gaba da fita, ta zuba wa saniya ciyawa mai yawa. Maƙwabciyarta da ba ta cikin shirin ta ɗaga mata hannu ta taga. Neta ta ɗaga mata ita ma.

Amalankensu ne na ƙarshe. Aron na riƙe da linzami, Neta a gefensa, Baba Isbrand a baya a naɗe cikin bargo kusa da yaran. Iska na watsa musu ƙanƙara a fuska kamar tsakuwa, da ƙyar ake ganin amalanken da ke gaba. Sun bar hanyar daji ke nan sun karkata wajen gaɓar kogi, inda Wen ke jira cikin itatuwa, sai Neta ta ji abin da jikinta ya riga kunnenta ji. Kofatai. Doki ɗaya ne, a guje, daga baya.

Aron ma ya ji. Ya miƙa hannu ƙarƙashin mazauni ya jawo wani abu a naɗe cikin buhu. Buhun ya zame, Neta ta ga bakin bindiga.

"Aron! Ina ka samo wannan?"

"Wurin Wen. Matsa."

"Ɗana, mene ne wannan a hannunka?" in ji Baba Isbrand daga baya.

"Baba, ka kwanta. 'Ya'yana na cikin harawar nan."

Neta ba ta san lokacin da ta cire safar hannu ba. Ta ɗora tafinta a kan bakin bindigar ta damƙe. Ƙarfen ya kama fatarta kamar wuta saboda sanyi. Ta ce, "Sai dai ka fara da hannuna. Na ga abin da ke biyo bayan wannan, kai ba ka gani ba."

Mahayin ya ɓullo daga cikin farin hazo, ya sha gaban dawakinsu. Yefim ne, gemunsa duk ƙanƙara, dokinsa na huci. Iska ta hana shi isa birni, ya juyo gida, ya tarar da matarsa zaune tana kuka ba yarinya. Bai sauko ba. Ya dubi Aron, ya dubi bindigar, ya yi wata dariya marar daɗi.

"A'a, tsarkaka! Ashe ku ma kun fara? Harba mana, Aron. Ko sai an yi addu'a tukuna?"

Hannun Neta na nan a bakin bindigar.

"Aganeta 'yar Yakob," in ji Yefim. "An ce ku ba kwa ƙarya. 'Yata na cikin amalanken nan?"

Neta ta so ta ce a'a. Ta ji kalmar ta zo har leɓenta. Amma ko ta faɗa zai duba, kuma ba ta taɓa kallon mutum ta yi masa ƙarya tsagwaronta ba.

"Tana ciki."

Ya diro, ya ture harawa, ya ɗaga bargo. Olya ta miƙe zaune da ciyawa a gashinta. "Baba! Inna Neta ta ce za mu ga Sinawa." Ya ɗauke ta ya cusa cikin babbar rigarsa ta fata, ya ja maɓalli har wuya, sai idanunta kawai ake gani.

Baba Isbrand ya yunƙura ya ce, "Ɗana, uwarta ce ta roƙa. Don ran yarinyar..."

"Kai tsoho, yi min shiru. Shekara huɗu ka ƙi cin abinci da uwarta, kamar kuturwa. Yau kuma 'yar kake so? Ni ne nake tashi in dafa mata ruwan zafi in tari ya hana ta numfashi. Ina kuke?"

Yefim ya hau doki. Wen ya riga ya lallaɓo daga cikin itatuwa da igiya a hannu, yana yi wa Aron alama su kama shi su ɗaure a gindin itace kafin su haye. Aron ya dubi yarinyar da ke leƙowa daga cikin riga, ya girgiza kai.

"Yefim," in ji Neta. "Don Allah. Za ka faɗa musu?"

"Kin tambaye ni kafin ki ɗauki 'yata?"

Ya juya dokinsa ya ɓace cikin hazo. Ɗakin masu gadin iyaka ba shi da nisa daga nan, kuma ta wajen da ya nufa yake. Hanyar gidansa ma ta nan ce.

Wen ya yi ta zagi da harshensa, ya ce a yi sauri ko shi ya tafi abinsa. Aka gangara da amalanke ɗaya bayan ɗaya ta wani gangare mai santsi, maza na riƙe da su ta baya. Neta ta zare hannunta daga bindigar, fatar tafinta ta zauna a jikin ƙarfe. Ba ta ji zafin ba sai daga baya. Kogin ba shimfiɗaɗɗe ba ne kamar yadda ta zata. Ƙanƙara ta yi tudu-tudu kamar an farfasa duwatsu, dawaki na zamewa suna faɗuwa kan gwiwa. Amalanken maƙwabtansu, gidan Unrau, ya karye a tsakiya, aka kwashe yaransu aka rarraba, aka bar kayansu a nan. Mata suka sauko suna turawa. Neta na turawa tana waiwaye, bayanta na mata ƙaiƙayi a daidai inda take jin harsashi zai shiga. Sau ɗaya suka ji haushin kare daga gaɓar Rasha, kowa ya daskare a inda yake, har dawakin. Wata mata ta fara waƙar yabo a hankali, mijinta ya ce ta rufe baki. Haushin bai sake zuwa ba.

A wani tsibiri na yashi da ciyayi a tsakiyar kogi, Baba Isbrand ya sauko da kansa, ya zaro bindigar daga ƙarƙashin mazauni, ya tura ta cikin tarin ƙanƙara ya tattake. Aron na kallo bai hana ba. Kafin rana ta faɗi suka hau gaɓar Sin, suka shiga wani ƙauyen masunta. Babu wanda ya biyo su. Da aka buɗe barguna aka tarar jaririyar gidan Unrau ba ta numfashi, an lulluɓe ta da yawa don tsoron sanyi. Neta ta rasa yatsun ƙafa biyu saboda sanyi.

Suka yi ta tafiya cikin motocin haya masu mutuwa a hanya har birnin Harbin na ƙasar Sin. Can suka zauna fiye da shekara a wani gidan haya, gida uku a ɗaki ɗaya, ana raba su da labule. Neta ta yi wanki a gidajen Rashawan birnin, Aron ya yi dako. Kullum da jita-jitar cewa za a mayar da su, ko kuma an sace wani a kasuwa an haye da shi. Aron ya tsaya gaban jama'a ya nemi gafara kan bindigar, aka yafe masa. Baba Isbrand bai sake yin wa'azi ba. Zazzaɓin taifot ya kama shi, Neta ce ta yi jinyarsa. Wata rana tana ba shi ruwa ya riƙe hannunta mai tabo ya ce, "'Yata, da na bar ta ta zauna a teburi, me zai ragu a wurin Allah?" Neta ta ce, "Sha ruwan, Baba." A Harbin aka binne shi.

Kanada suka so zuwa, inda dangi suke, amma likitoci suka duba idanunsu suka ce da masu amosanin ido a cikinsu, aka rufe ƙofa. Ƙasar Paraguwai, can Kudancin Amurka, ita kaɗai ta ce a zo da makaho da gurgu duka, kuma ba za a sa 'ya'yansu soja ba. Suka yi makonni a teku, suka hau jirgin kogi, suka ƙarasa a amalanken shanu zuwa cikin dajin Chako, ƙasar ƙaya da zafi, inda ake haƙa rijiya a tarar da ruwa mai ɗaci. Ba su gama rufin ɗakunansu ba yaƙi ya ɓarke tsakanin Paraguwai da Bolibiya a kan wannan dajin. Sojoji suka riƙa ratsa ƙauyen, jirgin sama na shawagi a kansu. Neta ta tura yaranta ƙarƙashin gado ta ce wa Aron, "Mun zagaye duniya, ga su sun riga mu isowa." Wannan karon sojojin madara da ƙwai kawai suka saya suka wuce.

Ta haifi 'ya'ya biyar a Chako, ta binne biyu. Ta koyi noman auduga da gyaɗa da dawa. An san ta da cuku mai kyau, an kuma san ta da tsoro: tsoron maciji, tsoron tsawa, tsoron duk mai kaki ko da ɗan aiken gidan waya ne. Jikokinta kan tsokane ta, su buga ƙafa a bayan ɗaki su ga ta zabura. Amma in wani na bakin mutuwa a ƙauye ita ake kira, don tana iya zama a gefen gado ta riƙe hannun mutum har ƙarshe, jikinta na ɓari amma ba ta tashi.

Bayan babban yaƙin duniya na biyu wasu mutanenmu da suka tsira daga Rasha suka iso Chako, yawancinsu mata da yara. Neta ta sa Aron ya kai ta sansaninsu, ta bi su rumfa-rumfa tana tambaya ko akwai wanda ya taɓa zama a Amur. A ƙarshe ta sami wata tsohuwa marar haƙora daga ƙauyen da ke kusa da Lichtau. Tsohuwar ta ce bayan gudun nasu an kwashe sauran mutanen bakin kogi an watsa su cikin ƙasa. Lisa ta rasu kafin ƙanƙara ta narke a wannan shekarar. Yefim ya ci gaba da aikinsa na ɗan lokaci, daga baya aka zo aka tafi da shi kamar yadda aka tafi da dubbai.

"Yarinyar fa?"

"An ce kakarta ta wajen uba ta ɗauke ta. Wasu kuma sun ce gidan renon gwamnati. Ni ban gani da idona ba, 'yar'uwa."

"Ya kai ƙararmu ranar nan?"

"Wa ya sani? Abin da na sani, sai washegari da yamma sojoji suka zo Lichtau, kukan shanun da ba a tatsa ba ne ya tona asiri."

Neta ta yi godiya, ta bar wa tsohuwar cukun da ta zo da shi. A hanyar komawa, da suka kusa gida, ta ce, "Da yanzu Olya ta yi aure." Aron ya ce, "Ƙila." Tun daga nan take sa sunan Yefim a addu'ar safe tare da na Lisa da Olya, abin da ya ba wasu mamaki, amma ba wanda ya yi mata magana.

Aron ya rasu bayan wani fari mai tsanani. 'Ya'yanta maza biyu suka sami hanyar Kanada, babban ya zo ya zauna a gabanta yana lallashi.

"Inna, can akwai likita, akwai wutar lantarki, ga majami'armu a kowane lungu. Me za ki zauna yi a cikin ƙayar nan?"

"A jirgin sama za a tafi?"

"I mana, kwana ɗaya kin isa."

"Allah ya kiyaye. Ku tafi, Allah ya tsare. Ni tsoron nan na san fuskarsa, na san lokacin da yake zuwa. Ba ni da sauran ƙarfin koyon wani sabo."

Suka tafi, ta zauna da 'yarta ta ƙarshe da mijinta. Ta ƙara shekara goma sha ɗaya tana tatsar shanu biyu, tana faɗa da jikoki kan yawo ba takalmi. Wata safiya cikin watan zafi ta ce kanta na juyawa, ta kwanta a kan benci a inuwar baranda, kafin a ɗauko ruwa ta cika. Aka binne ta a wannan yammacin saboda zafi, kusa da Aron, mutanen ƙauyuka uku suka zo suka yi mata waƙa.